Gurbin Suna

Shagon babana a Porto yake,
a wani lungu mai gangara zuwa kogin Douro.
Agogo arba'in ne rataye a bango,
ba biyun da suka taɓa shan inuwa ɗaya kan lokaci.

Shekara goma sha biyu yana amsa imel da yatsa ɗaya,
harafi, numfashi, harafi,
shayinsa ya huce, mai jira ya gaji.
Na ce, Baba, wahalar nan ta isa.
Na sa mana manhaja ta kuɗin wata-wata,
na zauna daren Lahadi
ina yanka wasiƙu kamar tela da almakashi:
ta "agogonka ya iso hannunmu",
ta farashi,
ta "an gama, zo ka ɗauka",
sai wata mai ladabi a fuska, haƙori a ciki,
ta masu bashi.

Kowacce na bar mata gurbi.
Nan suna zai zauna, nan irin agogo, nan kuɗi.
Manhaja ta cike, mu namu danna maɓalli.

Ya leƙo ta saman tabarau.
"Benedita, wa kike rubuta wa?"
Na ce, kowa.
Ya duba bango daga wannan kusurwa zuwa waccan.
"Kowa ba shi da agogo a shagon nan."

Amma abin ya yi aiki, ba zan ɓoye ba.
Bashin da ya kwana wata biyar ya tashi ya taho da ƙafarsa.
Muka fara rufe shago da sauran rana.

Sai ranar da na manta ban ɗaura gurbi da rajista ba.
Wasiƙa ta fita tsirara:
"Zuwa ga SUNA, agogonka IRI ya kammala,
kuɗinsa ADADI."
Da hantsi ga Senhor Custódio Varela,
tsohon direban jirgin ƙasa, hula a hannu,
ya buga takardar ya ninke ta huɗu.
Ya ce, "Ni ne Suna. Na zo karɓar Iri.
A yi mini ragi a Adadi."
Baba ya yi dariya har ƙaramin sukurun da ke hannunsa
ya faɗi ya shige ƙarƙashin kanta.
Har yau ba mu gan shi ba.

Ta biyun ba ta zo da dariya ba.
Manhaja ba ta mantuwa, kuma ba ta jin nauyi.
Duk mako biyu tana aika wa Dona Graciete:
"An gama, zo ki ɗauka."
Sau tara.
Ni lissafi na gani, kaya sun tare mana bango.
Baba ne ya san agogon mijinta ne,
ta biya tun ranar farko,
abin da ta kasa shi ne jin bugunsa
a gidan da babu mai tambayar ƙarfe nawa.

Bai yi mini faɗa ba.
Ya ja kujera, ya ture samfuraina gefe,
ya fito da yatsan nan nasa.
Minti ashirin, layi uku:
"Yana nan kusa da taga.
Ina wana shi kowace Asabar, yana tafiya daidai.
Babu gaggawa."

Da ya aika, allo ya tambaye ni
ko in ajiye wannan a matsayin samfuri.
Na daɗe da yatsa a sama.
Na nemi inda zan huda gurbi,
taga ce zan cire, ko Asabar?

Ƙarfe shida ta yi a agogo uku,
sauran suna biye a hankali.
Baba ya ce in kashe fitila.
Tambayar na nan a allo muka ja ƙofa.